Yadda za ka duba aikin furosesa da RAM a kwamfutarka kafin ka kashe ko dala

Babu tambayar da ta fi yawan zuwa mini, daga ɗaliban Jami'ar André Salifou da masu shagunan buga takardu na Sabon Gari da kewayen kasuwar Dole, kamar wannan: kwamfutata ta yi nauyi, shin in kai a yi mata format ne ko in ƙara mata RAM? Amsata kullum ita ce kada a yi ko ɗaya tukuna, sai an duba an ga abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya. Abin yana damuna ƙwarai idan na ga ɗalibi ya tara kuɗinsa na wata biyu ya sayi abin da na'urarsa ba ta buƙata, ko kuma ya bari an share masa faifai gaba ɗaya, takardunsa sun salwanta, bayan mako guda kuma nauyin ya dawo kamar ba a yi komai ba. Kwamfuta tana nuna wa mai ita halin da take ciki da alƙaluma, kuma karanta su ba ya buƙatar ilimin injiniya.

Abu ɗaya ya kamata a warware tun farko, domin a kansa mutane suka fi rikicewa. Furosesa shi ne ke yin lissafi da aiwatar da umarni. RAM wuri ne da kwamfuta ke baza abin da take aiki da shi a wannan lokacin, da zarar an kashe ta komai ya goge. Faifan ajiya kuwa shi ne rumbun da hotuna da takardu ke zaune. Saboda haka share hotunan biki ba ya ƙara wa RAM fili ko kaɗan.

Abin da za ka tanada

Kana buƙatar kwamfutar da cajarta, da takarda da biro, da kimanin rabin awa da ba ka cikin gaggawa. Duk kayan awon da za mu fi dogara da su suna cikin Windows tun asali, ba a sayensu kuma ba sa buƙatar intanet. Na kawo sunayen wurare da Faransanci domin shi ne harshen yawancin na'urorinmu a nan Damagaram, na kuma haɗa da na Ingilishi inda ya zama dole, saboda kwamfutoci na hannu da ake shigowa da su daga Kano. Ka lura cewa Windows na Faransanci yana rubuta Go da Mo a inda na Ingilishi ke rubuta GB da MB, ma'anarsu ɗaya ce.

Hattara: ka jona caja kafin ka fara. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana rage gudun furosesa da gangan idan tana kan batir, musamman idan an kunna tsarin tattalin wuta, don haka awon da aka yi lokacin da aka ɗauke wuta zai nuna maka rauni da ba na gaskiya ba.

1. Buɗe Gestionnaire des tâches

Danna Ctrl da Maj da Échap a tare, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki da ƙarfin da kowacce ke ci za ta buɗe. A allon madannai na Ingilishi su ne Ctrl da Shift da Esc, sunan tagar kuma Task Manager. Idan ɗaya daga cikin madannan ya lalace, ka kai linzami kan tambarin Windows da ke ƙasan allo, ka danna ɓangaren dama, ka zaɓe shi daga jerin da zai fito. Idan kuwa kwamfutar ta daskare har linzami ba ya amsawa sosai, Ctrl da Alt da Suppr sukan yi aiki a inda sauran suka gaza.

A Windows 10 ƙaramar taga ce kan fara fitowa, mai ɗauke da sunayen manhajoji kawai, sai ka danna Plus de détails a ƙasanta domin ta buɗe gaba ɗaya. Shafukan suna jere a sama. A Windows 11, tun sabuntawar 2022, an mayar da su gefen hagu da ƙananan alamomi. Shafuka uku ne za su yi mana aiki: Processus, da Performance, da Démarrage.

Hattara: a daƙiƙa biyu ko uku na farko za ka iya ganin furosesa ya haura zuwa kashi 100. Buɗe tagar ce da kanta ta jawo haka. Ka jira adadin ya lafa kafin ka yanke hukunci.

2. San abin da ke cikin na'urarka

Shiga Performance ka danna Processeur. A sama ta dama za ka ga cikakken sunan furosesan, ka kwafe shi a takarda harafi da harafi. A ƙasa ka rubuta Vitesse de base, wato gudunsa na asali da ake aunawa da GHz, da adadin Cœurs, wato ƙwayoyin da ke raba aiki a cikinsa. Daga nan ka danna Mémoire ka rubuta jimillar RAM da ke sama ta dama, da Vitesse, da Emplacements utilisés, wanda ke nuna ramuka nawa ne aka cika cikin waɗanda ke akwai. A ƙarshe ka danna Disque ka ga ko an rubuta HDD, wato tsohon faifai mai juyawa, ko SSD, wanda ba ya juyawa kuma ya fi sauri.

Wannan mataki kaɗai ya isa ya tona abubuwa da yawa. Mutum yakan sayi kwamfuta a kan tana da giga 8, ya duba ya tarar 4 ne. Wani kuma yana alfahari da cewa tasa Core i7 ce, alhali i7 na shekara 12 da suka wuce ba lalle ne ya kamo i3 na zamanin nan ba. Ga mai niyyar sayen ta hannu, shawarata ita ce ya buɗe wannan shafi a gaban mai sayarwa kafin ya miƙa kuɗi, domin takardar da aka manna a jikin na'ura ba hujja ba ce.

3. Auna ta tana hutawa

Adana duk aikin da kake yi, sannan ka zaɓi Redémarrer, wato kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Ina jaddada wannan kalma, domin a Windows 10 da 11 zaɓin Arrêter ba ya kashe komai ƙurmus idan tsarin saurin tashi yana kunne, yakan ajiye wani ɓangare na tsarin a faifai ya dawo da shi washegari da matsalolinsa. Za ka tabbatar da haka kafin ka yi Redémarrer a shafin Processeur, inda aka rubuta Durée de fonctionnement. Sau da yawa mutum zai rantse maka cewa kullum dare yana kashe kwamfutarsa, amma agogon ya nuna kwana 20 tana tafe ba hutu.

Bayan ta tashi, kada ka buɗe komai. Ka ba ta minti 10, domin a mintunan farko tana loda manhajoji da neman sabuntawa, awon lokacin ba ya nuna komai. Sannan ka buɗe Gestionnaire des tâches, ka shiga Processus, ka rubuta kason da ke saman Processeur da Mémoire da Disque.

A na'ura mai lafiya da ba ta aikin komai, furosesa yakan zauna ƙasa da kashi 10 cikin 100, yana ɗan motsawa yana komawa. Faifai ma yakan sauka kusa da sifiri. RAM kuwa ta danganta da yawanta: a kwamfuta mai giga 4, Windows kaɗai yakan cinye rabi ko fiye tun ba a taɓa komai ba, a mai giga 8 yakan tsaya wajen kashi 30 zuwa 50. Idan ka ga furosesa ya kafe a kashi 40 ko sama alhali babu abin da ka buɗe, to ruwa ba ya tsami banza, ka ajiye wannan a ranka zuwa mataki na 6.

4. Auna furosesa tana aiki

Awon hutu rabin labari ne. Yanzu ka buɗe ainihin abubuwan da kake amfani da su a ranar aiki, yadda ka saba buɗe su: Word da babban kundinka, burauza da shafukanta, manhajar zane ko ta haɗa bidiyo idan sana'arka ce. Domin tagar awo ta zauna a saman sauran, ka kunna Toujours visible, wanda ke ƙarƙashin Options a Windows 10, a Windows 11 kuma cikin Paramètres. Ka yi aikinka na minti 10 zuwa 15 kana satar kallon zanen Processeur da ke shafin Performance.

Abin dubawa shi ne tsawon lokaci, ba tsayin layi ba. Furosesa ya taɓa kashi 100 lokacin da kake buɗe manhaja ko kake fitar da bidiyo, wannan aikinsa ne, don haka aka ƙera shi. Matsala ita ce ya manne a kashi 90 zuwa 100 na mintuna da yawa a kan aiki mara nauyi kamar rubutu, har haruffa suna fitowa bayan ka gama danna su.

Akwai wata dabara da mutane kaɗan suka sani. Ka danna ɓangaren dama a kan zanen, ka zaɓi a nuna Processeurs logiques. Zanen zai rabu zuwa ƙananan akwatuna. Idan akwati ɗaya ya cika maƙil sauran suna zaune, to manhaja ɗaya ce da ba ta iya raba aikinta ta danne ƙwaya guda. A furosesa mai akwatuna huɗu, jimillar za ta nuna kashi 25 kacal, mutum ya ɗauka lafiya lau, alhali waccan manhajar ta riga ta kai ƙarshen ƙarfinta.

Kafin ka bar wannan shafi, ka kwatanta Vitesse na yanzu da Vitesse de base da ka rubuta. Lokacin hutu gudun yakan sauka ƙasa da na asali domin tattalin wuta, babu laifi a nan. Amma a tsakiyar aiki mai nauyi ya kamata ya kai na asali ko ya wuce shi. Idan ya kafe a ƙasa sosai, kamar 0,79 GHz, alhali ana ta jiransa, wani abu ne ya ɗaure shi, kuma a garinmu yawanci zafi ne ko caja.

5. Karanta RAM da kyau

A nan aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe. Shiga Mémoire yayin da kayan aikinka suke buɗe. Lambobi huɗu ne suka shafe ka.

Utilisée shi ne abin da manhajoji da Windows suka riƙe yanzu. Disponible shi ne abin da za a iya miƙa wa sabuwar manhaja nan take, kuma shi ne adadin da ya fi kowanne muhimmanci. Mise en cache abubuwa ne da Windows ya ajiye kusa don ya yi zaton za ka sake buƙatarsu, yana sakinsu da zarar an nemi wurin, saboda haka yawansu ba abin tsoro ba ne. Validée lambobi biyu ne da aka raba da alamar /: na farko abin da manhajoji suka nemi a tanadar musu, na biyu kuma iyakar da RAM da wani yanki na faifai za su iya ɗauka a haɗe.

Ganin kashi 70 ko 75 ba dalilin sayen komai ba ne. RAM da ke zaune babu amfani ba ta ƙara wa kwamfuta gudu. Alamar ƙarancin gaske abubuwa uku ne da ke haɗuwa: kason ya wuce 85 ko 90 ya ƙi saukowa, Disponible ya ragu zuwa ƴan ɗaruruwan Mo, sannan Disque ya hau kashi 100 duk lokacin da ka tsallaka daga wata taga zuwa wata. Abin da ke faruwa shi ne wuri ya ƙare, Windows yana kwashe kaya zuwa faifai yana dawo da su, faifai kuwa, musamman tsohon HDD mai juyawa, tafiyar hawainiya yake yi idan an gwada shi da RAM. Idan lambar farko ta Validée ta zarce jimillar RAM ɗinka kullum a aikin yau da kullum, wannan ma shaida ce mai ƙarfi.

Domin ka tabbatar, danna madannin Windows da R, ka rubuta resmon, ka danna Entrée. Moniteur de ressources zai buɗe. A shafin Mémoire akwai layin Fautes matérielles/s. Sunan yana firgita mutane su ɗauka wani ƙarfe ya lalace, alhali ƙidaya ce kawai ta sau nawa a daƙiƙa kwamfuta ta nemi abu a RAM ba ta samu ba, ta tafi faifai. Ya ɗaga lokacin buɗe manhaja ya sauka, daidai ne. Ya zauna a sama a duk tsawon aiki, RAM ta yi kaɗan.

Hattara: ka dubi Matériel réservé a ƙasan shafin. Ɗan abin da aka keɓe wa sashen nuna hoto ba matsala ba ne. Amma idan ka sa giga 8 kuma Windows yana amfani da ƙasa da 4, ka bincika ko an ɗora maka Windows mai 32 bits, domin shi ba ya iya aiki da fiye da giga 4 komai yawan abin da ke cikin ramuka. Ana ganin wannan a Paramètres, Système, sannan shafin bayanin na'ura. Haka kuma ka guji manhajojin da ke tallar wanke RAM da dannawa ɗaya. Suna tura kaya faifai ne don lamba ta yi kyau, aikin kuma ya ƙara nauyi.

6. Gano wanda ke cin ƙarfin

Koma Processus ka danna kan kalmar Processeur, jerin zai tsaru daga mai ci da yawa zuwa mai ci kaɗan. Ka yi haka a kan Mémoire. Idan sunayen suna tsalle ba ka iya karantawa, ka danne Ctrl, jerin zai tsaya cak har sai ka saki. Ka rubuta sunaye uku na sama a kowane layi.

Wasu sunaye suna yawan fitowa a sama kuma ba abokan gaba ba ne. Antimalware Service Executable shi ne mai gadin Windows yana binciken ƙwayoyin cuta. Windows Modules Installer Worker yana girka sabuntawa, yakan yi nauyi na wani lokaci ya lafa da kansa, musamman a kwamfutar da ta daɗe ba ta ga intanet ba. Hôte de service suna da yawa domin kowanne na ɗauke da wani aikin tsarin. A shafin Détails kuma za ka ga Processus inactif du système da kashi 90 ko fiye, wannan yana nufin ƙarfin da ba a amfani da shi, yawansa alheri ne.

Idan ka ga sunan da ba ka sani ba yana cin furosesa ba dare ba rana, ka danna ɓangaren dama a kansa ka zaɓi Ouvrir l'emplacement du fichier. Abin da ke zaune a babban jakar Windows ko Program Files yawanci yana da asali. Abin da ya ɓuya a jakar Temp ko AppData da suna mara ma'ana abin zargi ne, sai ka yi cikakken bincike da Sécurité Windows. Irin waɗannan sukan shigo ta manhajojin sata da ake yawo da su a kile, wato ɗan faifan USB, daga shago zuwa shago, wasunsu kuma suna amfani da furosesan mutum su haƙo wa wani kuɗin intanet. Haka nan ka duba ko akwai manhajar kariya biyu ko uku a tare, domin na sha ganin haka, kowacce tana binciken ƴar'uwarta, kwamfutar tana shan wahala a tsakani.

Hattara: Fin de tâche yana kashe manhaja nan take ba tare da ya adana maka komai ba. Ka yi amfani da shi a kan abin da ke ƙarƙashin Applications kaɗai, bayan ka adana aikinka. Kada ka taɓa rukunin Processus Windows, kashe wasu daga ciki yana sa allo ya ɗauke ko kwamfuta ta sake tashi da kanta.

Idan manhaja ɗaya tana ƙara cin RAM awa bayan awa ba ta saki, ka rufe ta ka sake buɗewa ka ga ko ta koma ƙarama. In haka ne, laifin nata ne, sai a sabunta ta ko a sauya ta.

7. Leƙa cikin burauza

A yawancin kwamfutocin da nake dubawa, burauza ce ke saman jerin Mémoire. A cikin Chrome ko Edge ka danna Maj da Échap, za ka ga abin da kowane shafi da kowane ƙarin da aka girka wa burauzar ke ci. Wata Hajiya mai shagon buga takardu ta taɓa kirana cewa na'urarta mai giga 4 ta gaji da duniya. Muka ƙirga shafuka 31 a buɗe, har da Facebook da WhatsApp da bidiyon wa'azi da aka dakatar tun safe. Muka rufe duka sai huɗu, ta dubi allo ta ce, “Malam, ashe da hannuna nake shaƙe ta.”

8. Zafi, ƙura da caja

Gestionnaire des tâches ba ya nuna zafin furosesa, don haka a nan kaɗai za ka buƙaci manhajar waje. HWiNFO da Core Temp kyauta ne ga mai amfanin kansa kuma ba su da nauyin saukewa, amma ka ɗauko su daga shafin masu su, ka karanta kowane mataki na girkawa don kada a liƙa maka wani abu daban. Ka buɗe ɗaya, ka maimaita aikin mataki na 4, ka kalli ma'aunin zafi. Yawancin furosesan Intel na kwamfutar tafi-da-gidanka iyakarsu tana wajen digiri 100, kuma idan sun kusanci wurin suna rage gudu da kansu don kada su ƙone. Na'urar da ke zaune a digiri 90 da ɗoriya a kan aikin rubutu tana neman taimako.

Mu a Damagaram wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hazon hunturu yana cusa ƙura cikin fanka wata da watanni, sai kuma Afrilu da Mayu su zo da zafin da ke wuce digiri 40 a inuwa. Ɗan yayata ya zo mini ana saura mako biyu ya miƙa kundinsa, ya ce, “Kawu, na haɗa kuɗin RAM, ka raka ni mu saya.” Muka duba, RAM ɗinsa ba ta ma kai kashi 60 ba, amma gudun furosesa ya kafe a ƙasa, ƙasan na'urar kuma ba ya taɓuwa don zafi. Da mai gyara ya buɗe, sai ga ƙura ta dunƙule a bakin mafitar iska kamar audugar katifa. Aka cire ta, aka sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, gudu ya dawo. Kuɗin RAM ya tafi wurin buga kundin da ɗaure shi.

Hattara: kada ka ɗora kwamfuta a kan katifa, darduma ko cinya a lulluɓe, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Kada ka hura mata iska mai ƙarfi fanka tana juyawa sakaka, a riƙe ta tukuna. Idan ba ka taɓa kwance na'ura ba, ka bar wa mai gyara wannan aiki. Idan kuma zafi bai yi yawa ba amma gudun ya ƙi tashi, ka gwada wata caja ta asali mai ƙarfin da aka rubuta a ƙasan na'urar, domin wasu kwamfutoci suna ɗaure furosesa da gangan idan ba su gane cajar ba ko ƙarfinta ya gaza.

9. Ga masu Mac da Linux

A Mac, danna Cmd da madannin tazara, ka rubuta Moniteur d'activité. A shafin Mémoire ka kalli zanen matsin da ke ƙasa: kore lafiya, rawaya an fara takura, ja wuri ya ƙare. Kada ka yi mamakin ganin manhaja ɗaya ta wuce kashi 100 a furosesa, domin kowace ƙwaya ana ƙirga mata ɗari nata. A Linux, umarnin top ko htop yana nuna masu cin ƙarfi, free -h kuma yana nuna RAM, inda adadin ƙarshe ta dama a layin Mem, na abin da ke samuwa, shi ne abin dubawa.

10. Gyara bisa abin da takardarka ta nuna

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Shiga Démarrage, wanda a Windows 11 ake kira Applications de démarrage, ka dubi waɗanda aka rubuta tasirinsu yana da yawa, ka danna Désactiver a kan duk wanda ba ka buƙatar ya tashi tare da kwamfuta. Wannan ba ya goge manhajar, yana hana ta tashi da kanta ne kawai. Ka bar na kariya da na sauti da na linzami yadda suke. Cire manhajojin da ba ka amfani da su, ka sake Redémarrer, ka maimaita awon mataki na 3 da na 4, ka kwatanta da lambobin farko. Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda domin ka san wanda ya yi tasiri.

Idan furosesa da RAM suna da sarari amma Disque ne ke manne a kashi 100 kuma HDD ne, kuɗinka ya fi amfani a kan SSD. Idan furosesa ne ya cika a aikinka na gaske, ba zafi, ba baƙuwar manhaja, to ƙarfinsa ke nan, kuma a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka an liƙe shi da allon ciki, ba a sauya shi. Ƙarin RAM ba zai taimaka a nan ba.

Idan alamomi ukun nan na mataki na 5 sun tabbata, sai a je saye. Windows 11 yana karɓar giga 4 a matsayin mafi ƙaranci, amma a ganina giga 8 ne ke ba mai Word da burauza sukuni. Ka tafi da na'urar kanta, kada ka aika a sayo maka da baki. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke bakinsu ma ba wuri ɗaya take ba, kuma na'urori da yawa suna buƙatar DDR3L mai aiki da volt 1,35 maimakon DDR3 mai 1,5. Ta tafi-da-gidanka gajeriya ce, ta tebur doguwa. Ka duba lambar samfurin kwamfutarka ka san iyakar abin da take ɗauka, ka kuma sa a buɗe a ga ramin da ido, domin wasu na'urori RAM ɗinsu a liƙe take, kuma abin da Emplacements utilisés ke nunawa ba koyaushe yake daidai ba.

Farashi yana motsi da canjin naira da sefa da kuma ko sabuwa ce ko ta hannu, don haka ka tambayi shago biyu ko uku, ka rabe kuɗin kaya da kuɗin hannu tun kafin a taɓa sukurori. A kashe kwamfutar, a zare caja, a cire batir idan mai fita ne, sannan a sa. Kafin ka biya, ka kunna ta a nan cikin shagon, ka buɗe Mémoire ka ga sabuwar jimilla da idonka. Sannan ka danna Windows da R, ka rubuta mdsched, ka bar kwamfutar ta sake tashi ta gwada RAM ɗin. Gwajin yakan ɗauki mintuna da dama, don haka ka yi sharaɗi da mai shago cewa idan ya nuna kuskure zai canza maka wata.